Mai kamfani a Kano: yadda za ka haɗa gwiwa da maƙwabta ku rage ɓarna, sana'a ta ɗore

Wannan rubutun na masu ƙananan kamfanoni ne da matsakaita, irin mai injin gyaran shinkafa, mai gidan ruwa, mai gidan burodi, mai kamfanin roba a Dakata ko Sharada ko Tokarawa, har da mai sito a Dawanau. Manyan nan masu hedikwata a Legas sun ɗauki ma'aikata musamman don wannan aikin, su ba sa buƙatar shawarata.

Maganar mutum ya yi sana'arsa ba tare da ya lalata ruwa da ƙasa da lafiyar mutanen unguwa ba, kuma shi ma bai karye ba, da yawanmu mun ɗauke ta zancen taron otal ne a Abuja, a ci abinci a ɗauki hoto a watse. Toh amma tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, sannan a Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, naira 225 duk yunit, kowane mai inji ya gane cewa man da yake ƙonawa a banza da kayan da yake jibgewa a bayan katanga daga aljihunsa suke fita. Inda gizo ke saƙar shi ne kusan duk gyaran da za a yi ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Kai kaɗai ba za ka iya gina wajen tace gurɓataccen ruwa ba, ba za ka iya sa solar da za ta ja manyan injina ba, sharar da kake fitarwa ma ba ta kai a turo mata tirela ba. Sai an haɗu. Kuma ra'ayina tun yanzu in faɗa, haɗin gwiwar da aka gina kan kunya da "ai ɗan'uwa ne" ba ta kai damina biyu, wadda ke ɗorewa ita ce wadda kowa a ciki yake ganin ribarsa ƙiri-ƙiri, tun daga Alhaji mai kamfani har yaron da ke tura kura.

Fara da littafi da sikeli, ba da mitin ba. Ka sa yaro ɗaya mai amana ya yi wata guda yana rubuta duk abin da ya shigo kamfanin da duk abin da ya fita wanda ba kayan sayarwa ba ne: lita nawa na dizal, tankar ruwa nawa, buhu nawa na shara kuma sharar mene ne, ruwan da ake zubarwa ina yake bi. Kar ka yarda da "kusan kaza ne Alhaji", a auna. Dalili kuwa, duk wanda za ka je wa da tayi tambayarsa ta farko ita ce nawa kake fitarwa a sati kuma kullum ne ko sai lokacin kaka, in ba ka da amsa toh hira kawai kuka yi.

Da littafin nan a hannu sai ka zaga layinku da ƙafa. Abin da kake nema shi ne wanda sharar ka ita ce kayan aikinsa, ko wanda tasa sharar za ta yi maka amfani. Ɗauki mai injin shinkafa. Ɓuntu kaɗai yana kai wajen kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera, kaga duk buhu biyar da ka gyara nauyin ɗaya ɓuntu ne, kuma duk wanda ya taɓa bi ta bayan injinan nan ya san yadda abin yake, tsibi guda ya fi tsayin mutum, wani ya cinna masa wuta tun shekaranjiya, ba ya ci da harshe sai dai ya yi ta cin ciki yana fitar da farin hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro, matan maƙwabta suna kwashe shanya suna tsinuwa. Alhali ɓuntun nan makamashi ne. Ana hura tukunyar turara shinkafar da shi maimakon itace, ana matse shi da inji ya zama curi-curi a kai gidajen burodi, masu kiwon kaji suna shimfiɗa shi a ɗaki kamar yadda suke yi da garin katakon da suke sayowa a 'Yan Katako, in kajin sun gama da shi ya haɗu da kashinsu ya zama taki, manoman Kura da Kadawa su saya, su noma shinkafar da za ta dawo injinka. Dusa kuwa dama masu haɗa abincin dabbobi suna nema, haka tunkuzar masu matsar man gyaɗa. Abbatuwa akwai jini da ƙashi da ƙaho da abin cikin tumbi, duk da masu buƙata. Kwari akwai kwali da leda, teloli akwai ƙyallaye masu matashin kai suna so. Ba sabon abu ba ne a garin nan, sabon shi ne a mayar da shi tsari mai farashi da rana da awo, ba sai mai buƙata ya biyo ta hanya an ce kwashi ka ba yara na goro ba.

Akwai wani gari a Denmak, Kalundborg, da ake yawan kafa misali da shi. A 1972 matatar mai ta garin ta fara ba wani kamfanin allunan silin mai suna Gyproc rarar iskar gas ɗin da da ƙonawa take yi a banza. Daga baya tashar wutar lantarki ta riƙa tura tururi ta bututu zuwa kamfanin magani na Novo Nordisk da ita matatar, zafin da ya yi saura ana ɗumama gidajen gari da shi, tokar tashar kuma tana tafiya wajen masu siminti. Abin da ya fi ba ni sha'awa a labarin, ba wata hukuma ce ta zauna ta zana tsarin gaba ɗaya ba, kamfani biyu ne suke ƙulla ciniki saboda kowa ya ga riba, in ya yi kyau wasu biyun su ƙulla nasu, a haka shekara da shekaru har ya zama abin da ake zuwa kallo. Don haka kai ma kar ka fara da kafa ƙungiyar mutum arba'in da zaɓen shugaba da buga kalanda. Nemi mutum ɗaya, kaya ɗaya, ku gwada wata uku.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan 'yan bola jari, don su ne ƙashin bayan duk wata sana'ar sake sarrafa roba da ƙarfe a Kano kuma su aka fi rainawa. Je ka tsaya wajen awo da yamma ka gani. Yaro ya shigo da buhu a kafaɗa tun safe yake yawo, a zazzage a ƙasa, farar roba gefe, mai kala gefe, tsohon silifas daban, gwangwanin alminiyam daban, a rataya a sikelin da allurarsa tun kafin a ɗora komai ta riga ta karkata, mai awo ya faɗi kilo ya cire na datti da ka, yaron bai isa ya yi musu ba don gobe ma nan zai dawo. In kai mai kamfanin roba ne kuma kana son kaya mai tsafta ba yankewa, nan ne aikinka yake. Ka zaɓi dillalai biyu ko uku, ka saya musu sikeli na lamba wanda mai kawo kaya zai gani da idonsa, a rubuta farashin kowane irin kaya a allo, ka ƙara kuɗi a kan kayan da aka ware aka wanke don shi ne ke rage maka ɓarnar ruwa da wuta da lalacewar wuƙar inji, ka raba safar hannu da takalmin roba, kuma ka biya ranar da aka kawo, ba "dawo jibi manaja ba ya nan" ba. Sharaɗi biyu kuma ba sassauci: ba a karɓar kaya daga hannun ƙananan yara lokacin makaranta, kuma ba a karɓar wayar wuta, murfin kwalbati, ƙarfen tiransifoma da duk abin da ya yi kama da na sata. Kowane mai kawo kaya a rubuta sunansa. Wannan kariya ce gare ka, don ranar da 'yan sanda suka biyo sawu sitonka za a fara buɗewa.

Wani ɗan abu da masu shigowa sana'ar ba su sani ba, gorar ruwa mai kyau da murfinta ba ta zuwa wajen markaɗe, masu zoɓo da kunun aya suna sayenta ɗai-ɗai da kuɗin da ya fi na kilo, kar ka ɓata lokacinka kana gasa da su. Ka nemi wadda ta lotse da ledar fiyawata. Masu gidajen ruwa kuwa, ku ne kuke zuba ledar nan a gari, in ku biyar ko goma na yanki ɗaya kuka haɗu kuka sa direbobinku su riƙa dawowa da ledar daga shagunan da suke sauke wa ruwa, motar da dama fanko take komawa, kun sami abin sayar wa mai roba kuma kwatar unguwa ta huta. Manyan kamfanonin lemo da abinci irin su Coca-Cola da Nestlé sun kafa ƙungiya tun 2018 mai suna FBRA don tattara robobinsu, duk da abokan hamayya ne a kasuwa. In su sun iya zama a tebur ɗaya ban ga dalilin da zai hana masu fiyawata na Hotoro ba.

Sai wuta. An gwada solar haɗaka a Kasuwar Sabon Gari tun 2018, hukumar samar da wuta a karkara, REA, ta shigo da kamfani mai zaman kansa ya kafa kayan, 'yan kasuwa suna biyan kuɗin wutar maimakon kowa da ɗan janaretonsa. Jami'ar Bayero ta sami tata tashar mai megawat 7.1 a 2019, akwai kuma ta megawat 10 da aka buɗe a yankin Challawa a Janairun 2023. Kenan ranar da ke gasa mu tana aiki. In za ku yi taku a layi ko filaza, ku fara kiran injiniya ya auna lodin kowa, kuma kowa da mitarsa, wallahi kar ku yarda da raba kuɗi daidai. Ga yadda rigimar take farawa: tela yana jan keke biyu da fanka, maƙwabcinsa mai ƙanƙara ya jona firiza huɗu da dare, mai walda ya ɗana sau ɗaya inbata ta ɗauke, ƙarshen wata a ce kowa ya kawo dubu kaza, toh telan nan in ya biya sau biyu na uku ba zai biya ba, kuma yana da gaskiya. Ku tsara aikin da ke cin wuta ya koma tsakanin hantsi da la'asar lokacin da rana take da ƙarfi, don batir shi ne mafi tsada kuma shi ke fara mutuwa. Ku buɗe asusu daban da ake zuba wani abu duk wata na canjin batir, kuɗin nan ba a ranta wa kowa ko da biki ne. Ku sa mutum takamaimai mai wanke farantan, musamman da hunturu, ƙura kaɗai ta isa ta rage muku wuta sosai ku yi ta zagin injiniya ba laifinsa. Kuma gaskiya ɗaya, manyan injina masu aikin dare sola ba ta ɗauke muku su gaba ɗaya, za ta rage dizal ne kawai, duk mai tallan da ya ce ku sayar da janareto ku sallame shi. Batun kuɗi, in ba ku son ruwa akwai Jaiz da TAJ masu murabaha da ijara, akwai Bankin Masana'antu, kuma duk sun fi sauraron ƙungiya mai rajista da takardun shige da ficen kuɗi a kan mutum ɗaya da ya zo da baki. Ko kuma mafi sauƙi, ku bar kamfanin solar ya mallaki kayan ku ku sayi wuta kawai, in ta lalace ciwon kansa ne.

Masu kamfanonin fata da rini na Challawa da Sharada da Bompai, taku ta fi nauyi. Ruwan Bompai yana bi ta rafin Getsi ya faɗa Jakara har dam ɗin Wasai, kuma a bakin hanyar ruwan nan mutane suke noman latas da alayyafo da karas da muke saye. Na Sharada da Challawa kuma kogin Challawa yake nufa, ga matatar ruwan sha nan a bakinsa. Jima ta zamani da sinadarin kuromiyam ake yi, ba bagaruwar da majema suka gada ba. Abin da masana harkar ke ba da shawara shi ne kowane kamfani ya ware ruwan kuromiyam daban kar ya gauraye da sauran, don ana iya tsamo sinadarin a sake jima da shi, kaga an rage sayen kemikal da dala, sauran ruwan kuma a tura shi wajen tacewa guda na haɗaka, kowa ya biya gwargwadon yawan ruwansa da ƙazantarsa. Ba don tsoron hukumar kare muhalli ta NESREA kaɗai ba, masu sayen fata a Turai da yawa yanzu sai sun ga satifiket ɗin Leather Working Group, ƙungiyar da ke tantance kamfanonin fata, kuma yadda kake yi da ruwanka yana cikin abin da ake dubawa. Cibiyar binciken fata ta NILEST tana nan Zariya, ga ɗakunan gwaji a Bayero da jami'ar Wudil, ku yi amfani da su, ɗaliban da ke zuwa IT, wato koyon aiki, ma a ba su aikin awon ruwa maimakon aiken sayo abinci.

Wanda kayan aikinsa daga gona suke fitowa kuma, ya dubi kamfanin tumatir na Dangote a Kadawa. An buɗe shi a 2016 da ƙarfin markaɗa tan 1,200 a rana, shekarar ce tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, kuma ko bayan nan ya sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir. In mai kuɗin Afirka bai iya tafiyar da inji ba sai da manomi, kai wa? Manomi ba mahaukaci ba ne, in kun yi da shi a kan farashi kaza ranar girbi ya ga 'yan Legas suna biyan ninki a bakin titi, can zai kai, kai ma da kai ne haka za ka yi. Saboda haka ko dai ku ɗaure farashin da na kasuwar ranar tare da mafi ƙarancin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, ko ku yi cinikin salam yadda shari'a ta tsara, ka biya kuɗi duka tun farko a kan awo sananne da lokaci sananne, ku tambayi malamin da ya san babin ciniki ya duba muku. Ka ba da iri mai kyau, ka ɗauki malamin gona ya riƙa zagawa, kuma ka yi hulɗa da ƙungiyar manoma masu lamunin juna ba ɗaiɗaiku ba. Masu sito a Dawanau su ma su tuna Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015 saboda maganin ƙwari da aka samu ya yi yawa a ciki, irin fiya-fiyar nan da ake yayyafawa a buhu. Mutum ɗaya ya zuba, ƙasa guda aka rufe wa ƙofa. Ga buhun PICS mai leda biyu a ciki wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, yana toshe iska ƙwaron ya mutu ba magani, in 'yan layi suka haɗa kuɗi suka yi oda da yawa farashin zai sauko, su kuma haɗu a kan kuɗin gwajin lab kafin a loda kwantena.

Duk wanda ka zaɓa cikin waɗannan, a rubuta. Mu da aka saukar mana da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu, amma mu ne in ka ce a kawo takarda sai a ce "haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne". Shafi biyu ya isa, ka ba lauya ɗan abin da ya samu ya duba. A ciki a faɗi irin kayan da ingancinsa, misali ɓuntu busasshe ba yashi, wa ke kawo mota wa ke biyan 'yan dako, sikelin wa za a yi amfani da shi, yaushe ake biya, duk wata nawa ake sake duba farashi tunda naira ba ta zama wuri ɗaya, kuma in an saɓa wa za a je wa kafin kotu, shugaban layi ne ko wani dattijo da kowa ya amince da shi ko KACCIMA, cibiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kano. Kuɗin haɗaka a asusun banki mai sa hannun mutum biyu ko uku, kar ya kwana a asusun shugaba, duk ƙarshen wata a tura hoton takardar banki a guruf ɗin WhatsApp kowa ya gani.

In abokan haɗin naka masu sana'a irin taka ne, ku san iyaka. Ku haɗu a kan shara da wuta da ruwa da mota da horar da yara, amma kar zaman ya koma na haɗa baki a ƙayyade farashin da za a sayar wa jama'a, wannan dokar da ta kafa FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye da kula da gasar kasuwa, ta hana, kuma zalunci ne ko ba doka. Jerin kwastomominka da sirrin haɗinka kuma naka ne, ba sai ka baje ba.

Bayan wata ukun gwaji ka koma kan littafin farko ka kwatanta, dizal ya ragu da lita nawa, motar shara nawa aka daina kira, nawa ya shigo daga abin da da zubarwa ake. Ka tambayi ɗaya ɓangaren shi ma nasa lissafin, in kai kaɗai ka ci riba toh a gyara farashi tun bai gudu ba. Lambobin nan su za ka nuna wa banki da mai sayen kaya na waje, kar ka buga koren ganye a jikin leda ka ce kana kare muhalli alhali kwatarka tana zuba baƙin ruwa a unguwa, maƙwabta suna da waya mai kyamara.

Sannan tun ranar farko ku rubuta yadda ake fita. Wanda zai janye ya ba da sanarwar wata biyu ko uku don wanda ya dogara da kayansa ya nemi wani, a faɗi yadda za a kimanta kasonsa a farantai da batir da injin da aka saya tare bayan an cire tsufansu, sauran 'yan haɗaka su ne farkon waɗanda za a yi wa tayi kafin bare, in kuma rasuwa aka yi a faɗi ko magada za su ci gaba ko a biya su kasonsu, da wa'adin da za a biya a ciki.